Ko Ana Awon Malami Da Mudu?

Jama'a, ran nan muna zaune da la'asar a Ranuna, kwarin nan da ke tsakanin Ƙuba da cikin Madina, sai wani yaro namu mai karatun ilmin sinadarai ya nuna mini wata lamba a wayarsa. Ya ce wai darajar malaminsu ke nan, 40. Na ce, arba'in na me? Ya ce, watau yana da takardu 40, kowace an ambace ta aƙalla sau 40 a rubutun waɗansu. Tun ran nan abin ya ke yi mini yawo a zuci.

Wannan ƙidaya tana da asali. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, wanda shi ma sinadarai ya fara karanta, shi ya kawo shawarar a 1955, aka fara buga kundinta a 1964. Lambar da yaron ya nuna mini kuwa Jorge Hirsch ya ƙago ta a 2005.

Ban raina ta ba. Mu da muka tashi a zaure mun san faɗin wanda ka karɓa daga gare shi amana ce, shi ne isnadi. A nan Madina Shehu Salihu al-Fullani ya zauna har ya rasu a 1803, kuma da isnadinsa aka san shi har Hindu. Ƙidayar tana da wani alheri kuma: ɗan talaka a Zariya, in aikinsa ya yi kyau, za a gan shi ko ba shi da uba a gindin murhu.

Amma fa malaman hadisi ba ƙirga mutane kaɗai su ke yi ba, auna su su ke yi, wane amintacce ne, wane mai mantuwa ne. Mudun nan kuwa bai san tsaba daga tsakuwa ba. Wanda aka ambata don a yabe shi, da wanda aka ambata don a ƙaryata shi, duk ɗaya ne a wurinsa. Sa'an nan fannoni ba su daidaita ba. A ilmin sararin sama, takarda guda ta 2016 ta fito da sunayen mutum wajen 1,000, kowa kuma aka rubuta masa ambaton cif. Ƙaƙa za a gwada wannan da mutum uku da suka kwana kan kwalabe?

Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka ci moriyarsa ba a faɗa ba. Ibn al-Shatir, mai tsai da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, ya rasu wajen 1375. Lissafinsa na tafiyar wata ya sake bayyana a littafin Kofanikus na 1543, babu sunansa, har yau masana na gardamar yadda aka yi. Ga kuma Cecilia Payne, wadda a 1925 ta duba hasken taurari ta gane galibin jikinsu haidurojin ne da hiliyom. Babban malami Russell ya ce da wuya, har ta sassauta maganarta. A 1929 ya tarar gaskiyarta ce, ya kuwa ambace ta, amma shekara da shekaru shi jama'a su ke yaba wa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

To, da lamba ta zama kuɗi sai ta sami kasuwa. A 2023 wata jaridar Sifen ta ba da labarin masanin sinadarai da ke fid da takarda kowace awa 37. Wa ya isa ya yi tunani sabo kowane kwana biyu? Ni dai darasin gobe ma sai na yi muɗala'a.

Na tambayi yaron ko ya san Muhammadu al-Kashinawi. Ya ce a'a. Bakatsine ne, masanin falaki da hisabi, ya yi hajji, ya rubuta littafi kan hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti. Ɗan mai gidan, Abdurrahman mai tarihi, shi ya rubuta labarinsa, da shi muke tunƙaho yau. Yaron ya duba wayarsa, ya ce bai ga lambarsa ba. Na ce ya zo gobe bayan azahar da alƙalami, mu zana hatimi mai gida tara, in ga ko zai sa kowane layi ya ba da 15.