Shauƙi da Natsuwa a Sujadar Masihiyawan Ƙasar Zobe

A cikin mas'alolin da Kiristocin ƙasar Katsina suke tattaunawa a tsakaninsu, musamman mazauna tsakiyar jihar, daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe, da wuya a sami wadda ta raba ra'ayin dattawa da samari kamar mas'alar zafin sujada, wato shin ibadar da jama'a ke taruwa su yi ran Lahadi ta fi kusa da karɓuwa idan an yi ta da kuka da rawa da ɗaga murya, ko kuwa idan an yi ta da natsuwa da sunkuyar da kai. Samari suna cewa majami'un iyayensu sun yi sanyi, ana shiga ana fita ba wanda zuciyarsa ta motsa. Dattawa kuwa suna cewa abin da yaran ke kira falkaswa hayaniya ce da aka ɗauko daga Legas a cikin wayar hannu. A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, sai dai dukansu biyu da mizani guda suke awo, wato ƙarfin sauti, alhali kuwa sauti bai taɓa zama hujja a kan halin zuciya ba.

Kafin a yi hukunci ya kamata mai karatu ya san su wane ne ake magana a kansu, domin jama'a ce kaɗan a tsakiyar al'ummar Musulmi, kuma kashi biyu ce. Akwai baƙi daga kudu da tsakiyar Nijeriya, 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Akwai kuma 'yan ƙasa, Hausawa gaba da baya, galibinsu jikokin Maguzawa, masu kiran kansu Masihiyawa, waɗanda yawansu ke ƙaruwa idan mutum ya nufi kudu wajen Malumfashi da Ƙafur. Bishara ba ta iso wa waɗannan da wuri ba, saboda Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulunci, har sai a ƙarshen shekarun 1930 da aka ba 'yan mishan na SIM aikin jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da birnin Katsina. A lokacin an riga an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da Likita Mila na Wusasa ya yi wa hidima mai yawa. Daga aikin SIM ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, sannan a shekarun 1970 Maguzawa suka riƙa shigowa gida-gida, har Angilikan suka kafa dayosis a Katsina a 1990, Katolika kuma a 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan ƙasar Malumfashi, a matsayin shugabanta na fari.

To, wanda ya taɓa halartar sujada a ɗaya daga cikin ƙananan majami'un ƙauye, ya san cewa zargin sanyi bai hau kansu yadda ake zato ba. Da hantsi za a buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a icen bedi, jama'a su shigo ɗakin ƙasa mai rufin kwano, maza su zauna a gefe guda, mata a ɗaya gefen, yara a ƙasa gaban mumbari. Mai bishara zai kira lamba daga Littafin Waƙoƙi, a rera ta a hankali, ana jan kowane baiti kamar ba a son ya ƙare, har baƙo ya ce lalle mutanen nan barci suke ji. Amma da zarar an ba Zumuntar Mata fili, suka miƙe da zannuwansu iri ɗaya, wata ta rungumi tulu tana dukan bakinsa da guntun soson katifa, wata ta kaɗa caki, mai bayarwa ta ɗaga murya saura suka amsa, sai ka ga tsohuwar da ta shigo tana dogara sanda ta taka rawa zuwa wurin baiko, wata kuma daga baya ta rangaɗa guɗa. Ranar godiyar kaka kuwa, da dammunan gero da dawa ake shigowa a ka, da ƙwaryar wake, da kaji a hammata, a jibge su gaban majami'a ana waƙa. Duk wanda ya ce babu shauƙi a nan, to bai san shauƙi ba.

Abin lura shi ne, wannan zafi ba 'yan mishan ne suka zo da shi ba. Abin da suka kawo waƙoƙi ne da aka juyo daga Turanci aka bar su a kan karinsu na Turai, wanda sau da yawa yakan hau inda harshen Hausa ke sauka, kuma da yawa daga cikin 'yan mishan ɗin sun ƙyamaci ganga da kiɗa, suna ganin kayan bori ne. Mata ne, da ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa da suka bazu tun daga shekarun 1960, suka mayar da bishara kan karin da ake daka da shi, ake niƙa da shi, ake kai amarya da shi, har manomin da bai san baƙi ba ya haddace labarin haihuwar Almasihu da mutuwarsa da tashinsa ta hanyar amshi. Idan ana neman sabuntawa ta haƙiƙa a tarihin ikilisiyar ƙasar Hausa, ina jin wannan ce ta fari, kuma sirrinta shi ne mutane sun ji ana yi wa Allah magana da muryar da suke yi wa iyayensu magana.

Nan ne kuma ya kamata samari su yi wa dattawa adalci a kan wani abu da ba su cika tunawa ba. Dattijon da mahaifinsa ya fito daga gidan da ake girka, ake hawan iska, ake yanka wa Inna ko Sarkin Rafi, wanda ya ga an fitar da kayan tsafi an ƙone su kafin a yi wa gidan baftisma, idan ya ga yarinya ta faɗi a tsakiyar majami'a tana birgima, idanunta sun juye, ana kewaye da ita ana ihu, ba dole ne ya ga saukowar Ruhu Mai Tsarki ba. Abin da ya fi saurin zuwa ransa shi ne abin da gidansu ya baro da wahala. Tsoronsa yana da asali, kuma wanda bai san wannan tarihi ba bai cancanci ya kira shi mai taurin zuciya ba.

Sai dai su ma dattawan ba su kuɓuta ba. Salon da ɗalibai da ma'aikata suka shigo da shi cikin gari, mai janareta da lasifika da jita da addu'ar kwana, yana da tasa silsila, tun daga falkaswar titin Azusa a Amurka a 1906, zuwa wadda ta kama ɗaliban Nijeriya a shekarun 1970, zuwa manyan ikilisiyoyin da suka biyo baya irin su Deeper Life da Living Faith, kuma da bai amsa wata ƙishirwa ta gaskiya ba da bai cika ɗakuna ba. Gafala cuta ce, kuma tana iya sanye da rigar ladabi. Mutum yana iya shekara talatin yana zama a benci guda, yana amsa amin a inda ake amsawa, alhali zuciyarsa tana kasuwar Dutsin-Ma tana lissafin kuɗin taki. Littafi Mai Tsarki kansa bai goyi bayan wannan ba, gama ya ba da labarin Sarki Dawuda yana rawa da dukan ƙarfinsa gaban akwatin alkawari, kuma wadda aka zarga a ƙissar ita ce matarsa Mikal da ta raina shi daga taga. Haka nan a cikin Ru'ya ta Yohanna, ikilisiyar Lawudikiya ta sha tsawa mai tsanani saboda ba ta da zafi ba ta da sanyi. Amma littafin nan dai shi ne ya kawo labarin annabawan Ba'al a kan dutsen Karmel, waɗanda suka wuni suna ihu da tsalle har suna tsaga jikinsu ba wanda ya amsa musu, kuma shi ne ya ƙunshi wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, inda a sura ta 14 ya fifita 'yan kalmomin da jama'a za su fahimta a kan dubbai da ba wanda ya gane, ya kuma umarta a yi kome bisa tsari.

Abin sha'awa ne a ga yadda malamai biyu da ba su haɗa addini ko zamani ba suka isa kusan matsaya guda a wannan babi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini a kan sauraren waƙa da halin da ke kama mai saurare, inda ya rarrabe tsakanin wajdin da ke rinjayar mutum ba da zaɓinsa ba da wanda mutum ke ƙaƙalo wa kansa, ya kuma nuna cewa ƙaƙalowar tana iya zama abin yabo idan neman halin gaskiya ake yi da ita, tana kuma zama abin zargi idan riya ce don idon mutane. Jonathan Edwards kuwa, fasto a Amurka wanda ya ga falkaswa da idonsa, mutane suna kuka suna suma ƙarƙashin wa'azi, ya wallafa littafi a 1746 yana kafa hujja cewa addini na gaskiya ba ya rabuwa da motsin zuciya, amma rawar jiki da yawan hawaye da zaƙin baki ba sa tabbatar da kome, ba sa kuma kore kome, babbar alama ita ce aikin mutum bayan taro ya watse. Maƙwabtanmu Musulmi sun san irin wannan muhawara sarai, gama sun daɗe suna yin ta a kan bandiri da zikirin jam'i.

Mutanen Zobe ba sa bukatar a kai su nesa kafin su gane wannan. An gama gina madatsar a kan kogin Karaduwa a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ruwa ya taru maƙil, masunta suka samu, masu yawon buɗe ido suka yaba, amma bututun da zai kai shi garuruwa da magudanan da za su kai shi gonaki suka tsaya, har sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan sha, bayan kusan shekara 40 mata suna sayen ruwan garwa alhali ga teku a bayan gari. Shauƙin sujada haka yake: taruwarsa ni'ima ce, wanda ya ce a fasa madatsar ya yi wauta, amma tambayar da ta wajaba ita ce ina ya kwarara.

Magudanansa kuwa sanannu ne, ba su da ƙyalli. Wanda ya yi kuka daren Juma'a a taron falkaswa, shin ya je ran Asabar ya nemi gafarar ɗan'uwan da suka shekara ba sa gaisawa saboda iyakar gona? Mai awo ta daina danne gindin mudu? An biya bashin da aka ci tun bazara? Gwauruwar da aka kashe mijinta ta sami wanda zai yi mata huɗa? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta misali ba ce, domin shekarun nan 'yan bindigar da ke fitowa daga dajin Rugu sun addabi ƙauyukan Safana da Batsari da Kurfi da Dutsin-Ma, ba su bambanta mai zuwa masallaci da mai zuwa majami'a ba, kuma jama'ar da ke cikin irin wannan tsoro tana da haƙƙin ta sami wurin da za ta yi kuka da ƙarfi gaban Ubangijinta ba tare da an ce ta yi shiru ba. Amma daidai wannan tsoron ne ke buɗe ƙofa ga wanda zai sayar mata da kariya, ya ce a shuka iri na kuɗi kafin a ga mu'ujiza, ya riƙa ɗaga murya a daidai lokacin da kwanon baiko ke zagayawa. Ban san wani nau'in riya da ya fi wannan muni ba, gama ya haɗa yaudarar talaka da ambaton sunan Allah.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabtaka, wanda ba a cika sa shi cikin lissafin falkaswa ba. Lasifikar da aka ɗora a kan rufi aka juya bakinta waje da tsakar dare ba ta ƙara wa addu'a isa, abin da take ƙarawa shi ne ɓacin ran mara lafiya da mai jego, kuma na faɗi haka ina sane da cewa laifin bai tsaya ga majami'u kaɗai ba.

Abin da ya fi damuna, duk da haka, shi ne harshe. A majami'un gari sujadar Turanci ce ke samun mawaƙa da kayan kiɗa da lokaci mai kyau, ta Hausa kuwa akan bar wa tsofaffi, a yi ta a gurguje, har yaron Bamasihe ya tashi yana zaton Ruhu ba ya sauka sai da Turanci, ya iya ihun da ya ji a waya amma ba ya iya karanta wa kakarsa sura guda daga littafin da aka fassara domin ta tun 1932. Shauƙin da aka aro da harshen da rabin jama'a ba sa ji yana iya girgiza jiki, amma da wuya ya kai inda tuba take, domin mutum da harshen uwarsa yake jin kunyar zunubinsa.

Saboda haka roƙona ga fastoci da dattawan ikilisiyoyin Dutsin-Ma da Kurfi da kewayensu shi ne kada su kori samari da gangunansu, kada kuma su miƙa musu mumbari su koma gefe suna gunaguni. A ba sujadar Hausa lokacinta cikakke da mawaƙanta na kirki. A rage sautin na'ura har a riƙa jin tulun Zumuntar Mata. A bar ɗan lokaci na shiru bayan wa'azi kafin a tayar da waƙa. A mayar da ajin koyon karatu da yamma, yadda iyayenmu suka yi. Idan kuma an gama taron falkaswa, to kafin a rubuta rahoton yawan waɗanda suka fito gaba, a aiki dattawa biyu, bayan wata guda, su zagaya gidajensu su tambayi matansu da maƙwabtansu abin da ya sake.