Darasi: Fari, Wuta da Hadari a Bisa Dutsen Karmel

Karatu: 1 Sarakuna sura 18

Dutsen Karmel yana bakin Bahar Rum, bisa birnin Haifa. A wannan ƙasa ruwa da sanyi tare suke zuwa. Ruwa yakan fara wajen watan Oktoba, ya ɗauke wajen Afrilu, sa'an nan rani ya busar da ciyayi ƙayau. Hadari daga yamma yake tasowa, wajen teku. Shi ya sa can Iliya ya aiki baransa ya duba.

Kan'aniyawa sun ɗauka Ba'al ne mai tsawa da ruwan sama, Sarki Ahab kuwa ya jawo Isra'ila ga bautarsa. Da sama ta kulle shekara 3 da wata 6, kamar yadda wasiƙar Yaƙub ta shaida mana, sai asirin gunkin ya tonu. Annabawansa 450 suka wuni suna kira, ba mai amsawa. Fari yakan tona mutum kuma. Mutane suna yunwa, Ahab yana neman ciyawar dawakansa. Gwauruwar Zarefat kuwa, wadda muka gani a sura 17, ta ciyar da baƙo daga ragowar garinta.

Bari mu lura da wuta. A watan Disamba na 2010 ruwan farko ya makara, kurmin Karmel ya bushe. Ana zaton garwashin da aka yar ba a kashe ba ne ya tada gobara wadda ta yi kwana 4 tana ci, mutum 44 suka rasu. Fari ba ya kunna wuta, itace kawai yake tara mata. Haka zuciya take in ta daɗe ba addu'a: kalma ɗaya ta fushi ta isa ta cinye gida, har da ikilisiya. Amma wutar Ubangiji a kan bagade ta sauko, ta cinye hadaya, ta komo da jama'a ga Allahnsu.

Duk da haka ruwa bai zo nan da nan ba. Iliya ya sunkuya ƙasa yana roƙo, baran yana tafiya yana komowa hannu wofi. Sai a karo na 7 ya hango ɗan gajimare, girmansa bai wuce tafin hannu ba. Kafin an jima sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, ruwa ya goce. Da yawanmu a karo na 3 muke gajiya.

Kada mu ce kowane fari hukunci ne, gama wannan sani na Allah ne. Namu shi ne mu gyara bagaden da ya rushe, mu raba abin da ya rage mana da maƙwabci, mu dinga duban teku.

Tambayoyi:
1. Sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ga wa muke fara juyawa?
2. Wane garwashi ne muka bari bai mutu ba tsakaninmu da ɗan'uwa?
3. Wace addu'a ce muka daina tun ba a kai karo na 7 ba?