Salama, Da Biyan Abin Da Aka Ɓata

Karatu: Fitowa 22:5, Irmiya 6:13-14, Luka 10:5-6.

Ba mai shiga gidan mutum a Zugurma sai ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama. Tun muna yara muka saba da wannan, har baki ya kan faɗa alhali zuciya tana wani wuri. Bari mu duba abin da mu ke roƙa wa maigida sa'ad da mu ke yin haka.

Kalmar salama daga Larabci ta zo mana. 'Yar'uwarta cikin Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, ita ce shalom, tushensu kuwa ɗaya ne. Da ita aka yi aiki cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga dukansa a 1932. Asalin ma'anarta abu cikakke ne, wanda ba abin da ya ragu a cikinsa, kamar tulun da ba ya yoyo. Saboda haka ta fi shiru nisa. Gidan da miji da mata suka daina yi wa juna magana yana da shiru ƙwarai, amma wa zai ce da salama a ciki?

Ku lura da dokar da ke cikin Fitowa. Idan mutum ya saki dabbarsa ta ci gonar wani, sai ya biya daga mafi kyaun amfanin gonarsa. Kalmar da Musa ya rubuta domin biyan nan daga tushen shalom ta fito. Ashe, a harshen Littafi, mai biyan ɓarna yana cika abin da ya ragu ne, wato yana mayar da salama.

Wannan ya shafe mu kowace kaka. Shanu su kan shiga dawa, dattawa su taru, a ce a yi haƙuri, a bar maganar. Kowa ya koma gida, rumbun mai gona kuwa yana nan wofi, zuciyarsa tana tafasa. Kada kuwa manomi a cikinmu ya yi saurin murna da ayar, gama ta kama shi shi ma. Wanda ya nome burtali, ko ya sari saniyar makiyayi cikin fushi, bashi yana kansa, ko da yana zama a bencin gaba ran Lahadi.

Irmiya ya tsauta wa annabawa da firistoci domin suna shelar salama a inda babu ita, suna rufe miki ba su wanke shi ba. Miki irin wannan ba baƙo ba ne a ƙasar Mashegu. A 2021 'yan bindiga suka faɗa wa masallata da asuba a Mazakuka, suka kashe mutane da dama. Maƙwabtanmu ne, makokinsu kuma namu ne.

Sa'ad da Ubangiji Yesu ya aiki almajiransa biyu biyu, ya umurce su su fara da sa albarkar salama a kowane gidan da suka shiga. Bai ce su tambayi addinin maigida tukuna ba.

Tambaya domin taro: Akwai ƙofar da ka daina yin sallama a bakinta? Me ka ke riƙe da shi na mutanen gidan, yaushe kuma za ka mayar?