Wa Zai Ji Kunyar Kawu?

A cikin watan Fabrairu na 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani kamar jinjirin wata a daren hadari, kawuna ya taso daga Shagari da sassafe ya same ni a Boɗinga. Ko zama bai gama yi ba ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu ya miƙo mini. Ya je wajen mai POS ne zai ciri N40,000 don ya sayi man injin ban-ruwa da maganin hawan jinin Inna. Takarda ta fito ta ce cinikin bai yiwu ba, amma kafin ya bar wurin sai ga saƙo a waya cewa an zare kuɗin daga asusunsa. Mai POS ya rantse bai ga ko sisi ba. Reshen bankin yana cikin Sakkwato, kuma a kwanakin nan wanda bai kama layi tun asuba ba ko ƙofar banki ba zai taɓa ba. Albasa kuwa ba ta san da canjin kuɗi ba. In ta kwana uku babu ruwa, shi ke nan.

Ni ne ɗan bokon gida, don haka aiki ya faɗo kaina. Na duba bayan katin, na buga lambar da aka rubuta, na buɗe murya yadda shi ma zai ji. Wata mata ta yi mana maraba da Turanci, ta ce mai son Hausa ya latsa lamba kaza. Na latsa. Da Kawu ya ji an juya harshe sai ya gyara zama, ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Salamu alaikum. Ɗiyata, ina kwana?"

Muryar ta ci gaba da abin da ke gabanta: in batun kati ne latsa ɗaya, in batun asusu ne latsa biyu. Ya sake sallama. Ta ce latsa uku. Sai ya dube ni ya ce, "Wagga yarinya ɗiyaw wa ta? Ina gaisuwa, tana ƙidaya!"

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Na ce, "Kawu, ai ba mutum ba ce, na'ura ce. An naɗi muryar ne tun tuni." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, in ba mutum ba ta, wa ka jin kunyata?"

Mai karatu, tun ranar wannan tambaya take bi na. A wannan watan na ajiye sharhin fim gefe don mu tattauna ta, ko da yake, kamar yadda za ka gani, mai hali ba ya fasa halinsa.

Bari mu fara yi wa na'ura adalci. Kafin wayar salula ta shigo a 2001, layukan tarho a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Zuwa ƙarshen 2023 layukan da ke aiki sun haura miliyan 200. Babu kamfanin da zai iya ajiye ma'aikacin da zai amsa wa kowa sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Ban da haka, na'ura tana da wata nagarta da mu mutane muka rasa. Ba ta tambayar ɗan gidan wane ne kai. Ba ta duban shaddar da ke jikinka. Ba ta cewa a ba ta na goro kafin ta nemo fayil. Da ƙarfe biyu na dare za ta gaya maka abin da ya rage a asusunka ba tare da tsaki ba. Duk wanda ya taɓa wuni a kan benci a wani ofis yana kallon masu uwa a gindin murhu suna wuce shi, ya san akwai ranar da gara na'ura da mutum.

To, me ya sa duk da haka ranmu yake ɓaci? Wasu za su ce ɓata lokaci ne da cin kati. Gaskiya ne, a ranar mun yi minti 34 muna jin kiɗa, layi ya yanke, muka sake daga farko. Amma Bahaushe ya saba da jira. Yana jiran mota ta cika a tasha, yana jiran ruwan sama, yana jiran likita. Abin da ya sosa wa Kawu rai daban ne. A can Shagari, in mutum ya riƙe maka kuɗi, akwai matakan da ake bi. Ka je ka yi masa sallama. In ya ɓuya, ka samu wansa. In abin ya faskara, ka kai ga liman ko hakimi. Sau da yawa ba a zuwa ko'ina, domin da zarar ya hango furfurarka a ƙofar gidansa, kunya ta gama shari'ar. Kunya ita ce ɗan sandan da ba a biyan sa albashi.

Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa wata maƙala a 1974 a kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki. Ya lissafa halaye goma, ciki har da gaskiya, amana, haƙuri, ladabi, mutunci da kunya. In ka duba da kyau, yawancinsu ba sa aiki sai da mutum biyu. Kunya tana buƙatar ido. Mutunci yana buƙatar wanda zai ba da shi da wanda za a ba. Abin da na'urar amsa kira ta yi shi ne ta ɗauki ladabi ta bar kunya. Kalamanta masu daɗi ne, har da wata Hausa da ban taɓa jin wani mai rai ya yi ba, wai "kiranka yana da muhimmanci a gare mu". Sau 11 na ƙirga ta faɗa. Da mutum ne ya gaya maka haka sau 11 alhali ya bar ka tsaye a rana, ai da tuni ka san sunan da za ka kira shi. Amma wannan ba ka da wanda za ka kira maƙaryaci, saboda babu kowa a wurin.

Ko kuwa akwai? A nan ne fim zai taimaka mana. Duk mai kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar: talaka ya zo ƙofar gidan Alhaji da buƙata, maigadi ya leƙo ta 'yar ƙaramar ƙofa ya ce Alhaji ya yi tafiya, sai darakta ya kai mu falo mu ga Alhaji a kishingiɗe yana cin tuffa. Ko yaro ƙarami ya san ba maigadi ne mugun fim ɗin ba. Na'urar nan maigadi ce. Akwai waɗanda suka zauna a ofis mai sanyi suka yi lissafi: kowane kira da mutum ya amsa kuɗi ne, kowane mai kira da ya gaji ya ajiye waya sauƙi ne. Su suka yanke adadin ma'aikatan da za a ɗauka, su suka zaɓi a binne hanyar isa ga mutum a ƙarƙashin lamba bayan lamba. Bambancinsu da Alhajin fim ɗaya ne: shi Alhaji yana jin bugun ƙofa, wataƙila ma wata rana zuciyarsa ta karaya. Su kuwa sun sayi maigadin da zai hana ko ƙarar bugun ta iso gare su.

In kana shakka, dubi yadda abin yake juyawa idan su ne masu buƙata. Kana cikin sahu waya za ta yi ruri, ka idar ka duba da fargaba ko daga gida ne, ashe murya ce aka naɗa tana tallar waƙa ko bashi, ko kuma ɗan takara yana neman ƙuri'a. Abin ya yi yawan da a 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta tilasta wa kamfanonin waya su samar da lambar 2442 don mutum ya iya toshe saƙonnin talla. Wato su suna da hanyar shigowa ɗakinka ba sallama, kai kuwa da sallamarka ba ka da hanyar shiga nasu. Ƙofar da ke buɗewa ta gefe ɗaya kawai, ai sunanta tarko.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne. A 2016 daraktan Ingila Ken Loach ya fitar da fim mai suna I, Daniel Blake, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa. Labarin wani kafinta ne ɗan shekara 59 da ciwon zuciya ya kayar. Likitarsa ta hana shi aiki, hukumar tallafi kuma ta ce lafiyarsa ƙalau. Ya yi kusan awa biyu a waya yana jin kiɗa kafin a amsa, aka ce ya cike takarda ta intanet alhali bai iya kwamfuta ba. A ƙarshe ya faɗi ya mutu a banɗaki a ranar da za a saurari ƙararsa. Amma fitowar da ta fi tsaya mini ita ce ta farko. Allo baƙi ƙirin, ba ka ganin kowa, sai muryar wata ma'aikaciya tana karanto masa tambayoyi daga takarda, ko yana iya ɗaga hannu, ko yana iya tafiya. Yana ce mata zuciyarsa ce matsalar, tana cewa ya amsa abin da aka tambaye shi. Mutum ce mai jini a jika, amma an mai da ita na'ura. Loach bai nuna fuskarta ba, kuma da gangan ne.

Mu nan ma ba baƙon zance ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa, nan cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya lissafa halayen mulkin zalunci a littafinsa Kitabul Farƙ. A cikinsu ya sa toshe wa mabuƙaci hanyar isa ga mai iko, da jan ƙafa wajen biyan bashi. A wancan zamani da dogari da ƙyaure ake yi. Yau da kiɗa mai taushi ake yi. Kuma ba don babu doka ba: tun watan Yuni na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su mayar da kuɗin cinikin POS da ya maƙale cikin awa 72. Doka tana nan a takarda, sai dai takarda ma ba ta jin kunya.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don kada in zama mai wa'azin da ya manta da kansa. A kira na uku, can wajen azahar, sai ga mutum ta ɗauka. Wata yarinya ce, daga muryarta ba za ta girme ni ba. Ban bari ta gama faɗin sunanta ba na sauke mata kwandon da na tara tun safe. Na kira su ɓarayi, na ce Allah ya isa. Tana ba ni haƙuri da irin kalmomin da aka haddasa mata, ni kuma hakan yana ƙara tunzura ni. Sai Kawu ya miƙo hannu.

"Kai yaro, kawo nan. Ita tac ci kuɗɗina?"

Ya karɓa ya ce, "Ɗiyata, salamu alaikum. Yi haƙuri da yaron ga, ƙuruciya ta. Ina gajiya? Ina aiki?"

Aka yi ɗan shiru. Sannan ta amsa sallamar cikakkiya, ta ce, "Lafiya lau, Baba. Ina wuni?" Wallahi muryar da ta fito ba ita ce ta ɗazu ba. Ta bar karatun takarda. Ta tambaye shi ranar da abin ya faru da lambar da ke jikin rasit, ta shigar da ƙorafin, ta karanto mini lambar shaida sau biyu don kada in yi kuskure. Ta gaya masa gaskiya cewa ƙorafe-ƙorafe sun yi yawa, kada ya sa rai da kwana uku. Har ta ce Allah ya ba Inna lafiya.

Ni kuwa kunya ta rufe ni. Tun safe nake kukan an ɗauke mu ba mutane ba, ga shi mutum ta farko da na samu na ɗauke ta bango. Ban tuna cewa wataƙila ni ne na ɗari da ya zage ta a ranar ba, a kan kuɗin da ba ta gani ba da tsarin da ba ita ta yi ba. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi ba ni tsoro. Na'ura tana koya wa mai kira ya daina sallama, tana koya wa mai amsawa ta daina saurare. A hankali sai halin ya bi mu gida. Dubi ma'aikacin da ke ce maka "babu netwok" ba tare da ya ɗago kai ba. Dubi furodusan da ya riƙe wa yaron kyamara haƙƙinsa, ya ga kiransa ya kife waya. Dubi ni da kai, da muke tura wa dangi saƙon ta'aziyya iri ɗaya da muka kwafo daga wani wuri. Wa ya naɗe mu?

Ba na cewa a fasa na'urori a koma zamanin ɗan aike. A bar na'ura ta yi aikin na'ura: duba asusu, toshe katin da ya ɓata, sayen kati. Amma inda mutum ya zo da asara, ko tsoro, ko rashin lafiya, haƙƙinsa ne ya samu ɗan'uwansa mutum, cikin harshen da yake ji, ba tare da ya bi ta ramin kurege ba. Kamfanin da ya iya samun lambarka don ya tallata maka kaya, ya iya samun wanda zai saurare ka. Mu kuma, duk ranar da Allah ya sa muka dace da mutum a ƙarshen layi, mu fara da sallama. Malamai sun ce yin ta sunna ne, amsa ta wajibi. Ka ga kenan wanda ya yi sallama ya ɗora wa na gabansa nauyin zama mutum. Abin da Kawu ya yi ke nan, bai karanta Kirk-Greene ba, bai kalli Ken Loach ba.

Kuɗin sun dawo bayan kwana 16. Kafin nan Kawu ya sayar da tunkiya ya ceci rabin albasar, rabi ta tafi. Da saƙon ya shigo sai ya kira ni, na ɗauka zai yi mita a kan asarar. Ya ce, "Ka kira ɗiyar nan ka shaida mata kuɗɗi sun dawo. Ka ce mata mun gode."

Na buga lambar. Muryar nan ta yi mini maraba, ta ce in batun kati ne latsa ɗaya, in batun asusu ne latsa biyu. Na saurara har ƙarshe, na sake saurare. Babu lambar da ake latsawa don godiya. Har yau saƙon Kawu yana hannuna.