Idan Yaƙi Ya Zama Abin Kallo

A arewacin jihar New York ta ƙasar Amurka, a bakin tafkin Champlain, akwai wani tsohon sansanin soja mai ganuwar dutse da ake kira Ticonderoga. Faransawa ne suka soma gina shi a shekarar 1755, suka raɗa masa suna Carillon, a zamanin da su da Turawan Ingila ke ja-in-ja a kan wanda zai mallaki Amurka ta Arewa. Tun shekarar 1909 aka buɗe shi ga jama'a a matsayin gidan tarihi, cike da igwa da bindigogin toka da takubba da rigunan soja. Lokacin bazara iyaye kan kai 'ya'yansu su ga yadda ake ɗura albarushi, su ji ganga da sarewa. A wasu ranaku na musamman kuma, 'yan sa-kai kan sa tufafin sojan wancan zamani, su rabu gida biyu, su kwaikwayi yaƙi har wasunsu su zube ƙasa kamar matattu, 'yan kallo suna tafi.

Tambayar da ta cancanci iyali su zauna su tattauna a kanta ita ce: shin ya dace a mai da ranar da mutane suka rasa rayukansu ta zama wasan da ake sayen tikiti a kalla?

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san abin da ya auku a wurin. Ranar 8 ga watan Yuli na 1758, Janar James Abercromby ya zo da soja kimanin 16,000, na Ingila da na yankunanta na Amurka, domin ya ƙwace sansanin. Janar Montcalm na Faransa yana da mutum wajen 3,600 kacal. Da ya ga an fi shi yawa, sai ya sa mutanensa suka sare itatuwa, suka yi katanga da gungume a kan wani tudu, a gabanta kuma suka zube rassan da aka fere bakinsu ya yi tsini. Abercromby yana da igwa da za ta iya rushe wannan katanga, amma bai jira an kawo ta ba. Ya tura sojansa gaba-gaɗi, sahu bayan sahu, tun da rana tsaka har yamma. Mutane suka riƙa maƙalewa cikin rassa, ana harbinsu kamar tsuntsayen da suka faɗa tarko. Kafin dare, kusan mutum 2,000 na ɓangarensa sun mutu ko sun ji rauni, Faransawa kuwa wajen 400. Wata runduna ta mutanen Sikotland, wadda ake kira Black Watch, ta rasa kusan rabin mutanenta a yini ɗaya. Shekara guda bayan haka, a 1759, Faransawan suka fasa rumbun albarushinsu da kansu, suka bar wa Ingila wurin. Wato tudun da aka zubar da jinin dubbai a kansa, daga baya an same shi kusan a ɓagas.

Masu goyon bayan kwaikwayon yaƙi suna da hujja, kuma hujjar ba ta raini ba ce. Sukan ce lissafi a takarda ba ya taɓa zuciya. Yaron da ya karanta cewa mutum 2,000 sun faɗi zai manta kafin ya rufe littafi, amma wanda ya ji ƙarar igwa ta girgiza masa ƙirji, ya ga hayaƙin albarushi ya rufe fili har mutum ba ya ganin na kusa da shi, ya ɗaga rigar ulu ya ji nauyinta cikin zafin Yuli, wannan ya fahimci wani abu da malami ba zai iya rubuta masa a allo ba. Ban da haka, da yawa daga cikin 'yan sa-kan nan mutane ne masu ƙwazon bincike. Sukan ɗinka tufafinsu da hannu, su kwana a tanti, su ci irin abincin da ƙaramin soja ke ci. Ta wannan hanya ake tunawa da talakan soja, wanda littattafai ba su cika kula da shi ba, domin su sunan janar suke riƙewa. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana.

Sai dai kuma abin da ake gani ɗin, me ya ƙunsa? A nan ne maganar ta yi nauyi. Bindigar ɗan kwaikwayo albarushi kawai ke cikinta, babu dalma. Babu jini, babu kukan wanda aka yanke wa ƙafa ba maganin kashe zafi, babu gwauruwar da wasiƙa za ta iske bayan wata uku, babu maraya. Idan aka busa ƙahon tashi, matattu kan miƙe su kakkaɓe ƙura, su tsaya a ɗauke su hoto da yara. An ajiye duk abin da ke burge ido a cikin yaƙi, launin riguna da tsarin sahu da kiɗan ganga, an cire abu guda da ya sa yaƙi ya zama masifa, wato wanda ya faɗi ba ya tashi. Babu wanda ya yi niyyar ruɗin yaro, amma rabin gaskiya da aka yi wa ado takan fi ƙarya daɗewa a zuciya.

Amurkawa da kansu ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba. Bayan babban kwaikwayon da aka yi a filin yaƙin Manassas a 1961, hukumar da ke kula da wuraren tarihi na gwamnatin tarayya ta hana irin wannan wasa a filayenta. Ana iya nuna yadda ake harba bindiga ko igwa, amma ba a yarda ɓangare biyu su fuskanci juna suna harbi, wasu suna faɗuwa kamar gawa ba, domin hukumar tana ɗaukar wuraren a matsayin filayen tunawa da matattu. Ticonderoga ba ya ƙarƙashin wannan doka, gama wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke riƙe da shi.

Akwai kuma wani abu da idon mutumin Afirka zai fi saurin ganowa. Idan Ba'amurke ya ce zamanin mulkin mallaka, Turawan da suka yi ƙaura suka zauna ƙarƙashin sarkin Ingila yake nufi. Amma ƙasar da ake faɗa a kanta tana da masu ita. Sunan Ticonderoga ma daga harshen mutanen Iroquois ya fito. A ranar yaƙin 1758, ɗaruruwansu sun iso tare da Sir William Johnson, kuma akasarinsu suka tsaya a kan wani dutse da ke kusa suna kallon baƙi biyu na karkashe juna a kan gadonsu. Su ne 'yan kallo na farko a wannan fili, kuma da wuya a ce sun yi tafi. Duk wanda ya yi nasara a ranar, su dai asara ce ke jiransu.

Bayan yaƙin, Montcalm ya sa aka kafa gicciye na katako a kan tudun, da rubutun da ke miƙa yabon nasarar ga Allah. Akwai makamancinsa a tsaye a wurin. Tawali'u ne, ba shakka, janar ya ƙi karɓar yabo. Amma waɗanda suka mutu cikin rassan nan su ma masu baftisma ne, iyayensu mata sun yi musu addu'a da sunan Ubangiji ɗaya. Kirista da ya tsaya gaban wannan gicciye ya kamata ya ji wani nauyi a ransa kafin ya ji alfahari.

Da wannan duka, hana iyali zuwa irin wannan wuri ba shi da amfani. Gidan tarihin kansa abin yabo ne, kuma yaron da bai taɓa jin labarin yaƙi ba ya fi saurin faɗawa hannun mai yi masa kirarinsa. Abin da ke da haɗari shi ne a bar wasan ya yi magana shi kaɗai. Uba ko uwa da suka kai yara suna da aikin da ɗan kwaikwayo ba zai yi musu ba: su tambayi yaro wa zai gaya wa matar wancan da ya faɗi, me ya sa janar bai jira igwarsa ba, ina kuma masu ƙasar suka nufa. Kuma kafin a koma mota, ya dace a taka zuwa tudun da ke can baya da sansanin, inda har yanzu ake ganin sauran ramuka da tudun ƙasa na kariyar Faransawa a cikin itatuwa. Ba a buga ganga a can, kuma yawancin baƙi kan wuce shi a mota ba su tsaya ba.