Magani A Cikin Loma

Duk wanda ya tashi a karkara ya san dabarar iyayenmu mata. Idan zazzaɓi ya kama yaro, aka kawo ƙwaya mai ɗaci, ya datse haƙora ya ƙi sha, sai uwa ta gutsuro tuwo, ta cusa ƙwayar a tsakiya, ta mulmula, ta tsoma a miya, ta ce, "Haɗiye, ɗan albarka." Yaro ya haɗiye bai san hawa ba bai san sauka ba, gobe ya tashi garau. Ba wanda ya taɓa kiran wannan yaudara, domin kuwa yaro ne, mai ba shi kuma uwarsa ce.

Wannan tsohuwar dabara ce ta faɗo mini a rai ran da wani ɗalibina a nan Kademi ya tambaye ni abin da ake nufi da fasahar nano wajen haɗa magani. Na ce da shi ya ɗauko rula ya dubi milimita ɗaya, sannan ya raba ta gida miliyan ɗaya a zuciyarsa. Kowane gida shi ne nanomita. Masu bincike a yau suna ƙera 'yan jakunkuna na maiƙo waɗanda faɗinsu bai wuce kamar nanomita 100 ba, su zuba magani a ciki, su aika shi cikin jini. Wato dai loma ce, sai dai ido ba ya ganinta.

Amfanin abin a fili yake. Akwai wani maganin ciwon daji da ake kira doxorubicin, mai ƙarfi ne ƙwarai, amma yakan illata zuciyar majiyyaci. Da aka naɗe shi cikin irin wannan jaka, sai ya zamana yana daɗewa a cikin jini, yana taruwa a wurin ciwon, illarsa ga zuciya kuma ta ragu. A 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Doxil. Haka kuma da annobar korona ta ɓarke a 2020, alluran rigakafin Moderna da na Pfizer da BioNTech saƙo ne kurum suke kai wa garkuwar jiki, su nuna mata kamannin abokin gaba tun kafin ya iso. Saƙon nan idan aka sake shi tsirara jiki yakan wargaza shi nan take, sai da jakar maiƙo yake isa inda aka aike shi. Binciken da ya sa saƙon ya karɓu ga jiki shi ya kai Katalin Karikó da Drew Weissman ga lambar Nobel a 2023. Kada mai karatu ya ɗauka labarin nesa ne. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, wanda aka soma yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024, yana ɗauke da irin waɗannan 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu zaburar da garkuwar jiki.

To, ga tambayar da ta hana ni sakat. Idan magani yana da amfani, shin ya halatta a ba baligi mai hankali kamar yadda ake ba yaro, a cikin loma, ba tare da ya san abin da ya haɗiya ba?

Mu a ƙasar Kano tambayar nan ba ta cikin littafi ba ce, ta taɓa faɗo mana a ka. A 1996, shekara ɗaya tak bayan fitowar Doxil, annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 10,000 a Arewa. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 200 aka ɗiba, aka ba kusan rabinsu Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar daga kashin farko, shida daga na biyu, waɗansu kuma suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Aka yi ta shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ko da za a ce maganin bai kashe kowa ba, abin da iyayen nan suka yi kuka a kansa yana nan: sun ce an yanke hukunci a kan 'ya'yansu ba a tambaye su ba.

Wani zai ce, "Haba malam, wa ya san abin da ke cikin kowane magani? Kai da kake hawa mota daga Gaya zuwa Kano, ka san yadda inji yake aiki?" Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ban san inji ba. Amma na san inda motar ta nufa, na san kuɗin mota, na ga direba da idona, kuma da ƙafata na shiga. In na ga taya ta suɗe ina iya fasawa. Haƙƙin majiyyaci ke nan. Ba a ce sai ya zama masani ba. Abu huɗu ne ya kamata ya ji da harshen da yake mafarki da shi: mene ne amfanin maganin, mece ce illarsa, an gama gwada shi ko a kansa ake gwadawa, kuma yana da ikon cewa a'a. Wanda aka hana shi waɗannan an mayar da shi yaro, alhali mai ba shi lomar ba uwarsa ba ce.

Bugu da ƙari, da can mutum yakan ga sassaƙe, ya sansana, ya ɗanɗana, ya san bishiyar da aka saro shi. Gani ya kori ji. Yanzu kuwa magani ya ƙanƙance har ya ɓace wa ido, saura ji kaɗai. Duk yadda magani ya ƙara ƙanƙanta, haka nauyin amana yake ƙaruwa a wuyan mai kawo shi.

Sai dai adalci bai yarda mu tsaya a nan ba, domin mu ma akwai namu. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Jihar Kano bisa zargin an gurɓata shi, ba a koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo wani daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta bazu, ta tsallaka ƙasashe da dama, har daga baya ta kai Yaman da ita kanta Indunusiya. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Yaran da suka gurgunce a tsakanin nan, su ma ba wanda ya tambaye su. Tsoron iyayensu yana da dalili, amma dalilin bai mayar musu da ƙafa ba. Uban da ya ƙi magani don jita-jitar bakin kasuwa, bai bincika ba, shi ma ya haɗiyi loma bai san abin da ke cikinta ba. Ashe haƙƙin a gaya maka yana tafe da wajibin ka tambaya.

A nan ne maganar ta iso kanmu, 'yan uwana marubuta. Tsakanin mai bincike a ɗakin gwaji da uwa a tsakar gida akwai rami, kuma ramin nan na harshe ne. Takardar neman yarda da aka rubuta da Turanci aka miƙa wa wanda ko boko bai yi ba, ya dangwala yatsa, loma ce. Littattafanmu suna shiga ɗakunan da jami'in lafiya ba ya shiga, matan aure suna karɓar aronsu hannu da hannu. Me zai hana mu zauna da likitoci da masu haɗa magunguna, mu fahimci abin, mu samo masa kalmomin Hausa masu sauƙi? Me zai hana jarumar labarinmu ta tsaya gaban likita cikin ladabi ta ce, "Likita, wannan allurar ta mece ce, kuma me za ta iya jawowa?" Yarinyar da ta karanta wannan, ranar da ta zama uwa ba za ta ji nauyin tambaya ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada mu rubuta abin da ba mu tabbatar ba, ko don zuga ko don tsoratarwa, domin alƙalami ma yana iya naɗe guba cikin zaƙin labari.

Masu bincike sun gano yadda za su kai magani ga ƙwayar halitta guda a cikin jiki, Allah ya saka musu. Kai shi ga zuciyar mai jikin kuwa, wannan sai da gaskiya da bayani. A naɗe magani a cikin maiƙo, amma a bar maganar a buɗe. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.