Jinkirin Rabon Gado Da Zartar Da Wasiyya



'Yan'uwa Musulmi, akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a ƙasar Gaya da Ajingi da sauran karkararmu. Magidanci zai rasu ya bar gida da gonaki da wasiyya, sai babban ɗa ya ce a bar gandu a haɗe don kada gida ya watse. Yau a ce sai bayan sadakar arba'in, gobe a ce sai an cire amfanin gona, jibi a ce sai mata sun fita takaba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da shari'a ta sanya sharaɗin rabo.

Malamanmu na Malikiyya sun jera abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci: kuɗin likkafani da jana'iza, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya, sa'an nan gado. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, iyakar da Manzon Allah (SAW) ya yanka wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Rabon kowa kuwa yana Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Jinkirin da aka yarda da shi shi ne na uzuri, kamar jiran mai ciki ta haihu, ko tantance bashi.

In aka daɗe, shaidun wasiyya su mutu, iyakar gona ta ɓace, wani magajin ya rasu ba a raba ba, lissafi ya koma munasakha, watau gado a cikin gado. Matar da ke da tumuni ta koma gidan iyayenta hannu rabbana, marayu kuma ana noma rabonsu ana ci. Aya ta 10 ta wannan sura ta yi wa mai cin dukiyar maraya alkawarin wuta.

Saboda haka, da an share makoki, a kira malami masanin fara'ili, a ƙididdige dukiya a gaban dagaci da shaidu, a rubuta. In magada sun so ci gaba da noma tare, kowa ya san rabonsa tukuna. Wanda aka danne wa hakki ya kai ƙara kotun shari'ar Musulunci. Neman hakki ba yanke zumunci ba ne.

Allah Ya sa mu cika da imani, amin.